Yadda Za Ka Gane Ko Ma'aunin Gudun Tsohuwar Mota Yana Aiki, Da Wayarka Da Injin Huda

Darasinmu na yau ya ɗan fita daga fuskar waya ya shiga ƙarƙashin mota. Kawuna yana da a-kori-kura ƙirar Peugeot 504 da yake ɗaukar kaya da ita daga Kantin Kwari zuwa Sabon Gari, kuma allurar gudunta ta shekara biyu kwance a kan sifili. Bai damu ba sai da mai saye ya zo ya ce ba zai yarda da kilomitocin da ke rubuce a dashbod ba. Yana da gaskiya kuwa, domin a irin waɗannan motocin abu ɗaya ne ke juya allura da lambobin da ke ƙirga tafiya.

A tsohuwar mota babu sensa, babu kwamfuta. Wani ƙaramin giya ne a jikin giyabos yake juya kebul, wato siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa da ke cikin kwanso, bakinsa mai kusurwa huɗu. Kebul ɗin yana hawa har bayan dashbod inda yake juya maganaɗisu. Maganaɗisun yana juyawa ne a cikin wani ɗan kofi na alminiyam ba tare da ya taɓa shi ba, amma juyawar tana haifar da lantarki a jikin kofin, sai ya riƙa jan sa. Allura a jikin kofin take, wani siririn sifirin kuma yana mayar da ita baya. Wani injiniya mai suna Otto Schulze ne ya yi wa wannan dabara rajista a 1902, kuma ita ce a cikin yawancin tsofaffin gingimari da ake lodi a Singa har yau.

Fara da gwajin waya, shi ne mafi sauƙi. Google Maps a Android yana nuna gudu idan ka kunna ma'aunin gudu a saitin nuna hanya, akwai kuma ƙananan manhajoji na GPS da ba su da wani aiki sai wannan. Daga tauraron ɗan'adam wayar ke samun lissafin, saboda haka ba ruwanta da taya ko kebul. Amma kada ka yi gwajin a Titin Faransa ko Igbo Road. Cunkoso ba zai bar direba ya tsaya a gudu ɗaya ba, wayar kuma tana ɗan jinkiri kafin ta nuna sauyi, ga dogayen benaye suna tare sigina. Ku fita hanyar Katsina, bayan an wuce Dawanau, direba ya riƙe sitiyari kai ka riƙe waya. Ya tsaya a 40 na kamar daƙiƙa goma ka rubuta abin da waya ta nuna, sannan 60.

Idan allura ta ce 60 waya ta ce 55, kada ka tayar da hankali. Da gangan ake saita su su ɗan zarce. Ƙa'idar da masu ƙera motocin Turai ke bi ta hana ma'auni ya nuna ƙasa da gudun gaskiya, amma ta yarda ya wuce da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4. Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne mai nuna ƙasa, kuma sau da yawa taya ce sila. A ce an cire taya mai tsayin santimita 65 an sa mai 70: allura tana kan 60, mota kuwa tana gudun kusan 65, saboda kebul juyin taya yake ƙirgawa, bai san girmanta ya sauya ba. Ka kuma duba fuskar ma'aunin da kyau. Tsofaffin motocin Ingila irin su Bedford da Land Rover da yawansu da mil suke lissafi, mil 40 kuwa kilomita 64 ne.

To, waya za ta gaya maka cewa akwai matsala, amma ba za ta nuna maka inda take ba. Nan ne nake amfani da abin da na saba yi idan manhaja ta ƙi aiki: in raba ta gida biyu in ga wane ɓangare ne ya lalace. Kalli lambobin kilomita yayin da ake tafiya. Idan suna juyawa allura tana kwance, kebul lafiyarsa lau, ciwon yana cikin kan ma'aunin. Idan dukkansu sun tsaya, zargi kebul ko giyan da ke juya shi. Idan allura tana rawa tana tsalle, ko kana jin ƙara a bayan dashbod, galibi kebul ne ya bushe ko ya lanƙwashe da yawa.

Sai gwajin injin huda. Kashe mota, ja birkin hannu, sa katako a taya kafin kowa ya shiga ƙarƙashi. Kwance notin da ya ɗaure kebul a jikin giyabos, ka damƙe bakin ƙarfen ciki da injin huda mai batir, ka juya a hankali wani yana kallon dashbod. A motoci da yawa sai an juya shi ta baya, don haka idan allura ba ta motsa ba, sauya gefe kafin ka yanke hukunci. Idan ta tashi ta tsaya cak, kebul da ma'auni duk suna aiki, giyan cikin giyabos ne ya cinye. Sau da yawa na roba ne, haƙoransa suna ƙarewa. Idan ba ta tashi ta kowane gefe ba, cire kebul daga bayan dashbod ka sake juyawa. Bakin sama bai juya ba? Ya tsinke a ciki. Ya juya? Kan ma'aunin ne, kuma wannan ka bar wa mai gyaran mita, domin sifirin ɗin yana da laushi ƙwarai, taɓa shi kaɗan sai lissafi ya ɓaci.

Na kawuna kebul ne, ya tsinke kusa da inda ya bi ta gefen salansa. Mun tafi da tsohon a hannu zuwa wajen masu kayan gyara a Sabon Gari, kuma kai ma haka za ka yi, saboda tsawo da girman baki sun bambanta daga mota zuwa mota. Wajen sa sabon, giris kaɗan ake shafawa, a bar ƙarshen sama a bushe don kada ya hau cikin ma'aunin ya danƙare kofin. Allura ta tashi, a 60 waya tana nuna 57. Kilomitocin shekara biyun nan dai babu injin da zai dawo da su, dole kawu ya gaya wa mai sayen haka, suka sake zama a kan farashi.