Abubakar a Gida, Boukari a Takarda

Wani saurayi ya taɓa shigo mini ofis, ƙurar hanya ba ta gama sauka daga jikinsa ba. Daga Kano ya taso. Ya yi sallama, da ya ji na amsa masa da Hausa sai ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Baba, kakana nake nema. An ce mana ya yi fatauci tsakanin Parakou da Djougou, ya yi wani aure a nan, ya haihu, a nan kuma ƙasa ta rufe masa ido. Kafin mahaifina ya rasu ya bar mana wasiyyar mu nemo 'yan'uwansa." Na ce, "To ɗana, me ke hannunka?" Suna ɗaya tak ya zo da shi, Abubakar. Babu shekara, babu unguwa.

Na daɗe ina aikin rajistar haihuwa da aure da mutuwa a nan arewacin Jamhuriyar Benin, kuma irin wannan baƙo ba shi ne na farko ba. Wasu daga Najeriya suke zuwa, wasu daga Nijar, wasu kuwa 'ya'yan Zangon Parakou ne da rabon gado ko neman fasfo ya sa suka waiwayi baya. Abin da nake gaya musu a kan benci shi nake son rubutawa, don mai zuwa ya zo da shiri, mu na gida kuma mu rage sakaci.

Zaman Bahaushe a wannan ƙasa ya girmi ofis da alƙalaminsa. Hanyar fataucin goro daga Kano zuwa Gwanja ta cikin Borgu ta ratsa, ayari na yada zango a Nikki da Parakou da Djougou kafin ya kai kasuwar Salaga. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari duk sun taka ta. A Djougou sarauta na Kilir, fatake Musulmi na unguwar Wangara. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa fatake da yawa zuwa wasu zangunan, sannan a 1898 Ingila da Faransa suka raba Borgu, Bussa ta faɗa hannun Ingila, Nikki da Parakou hannun Faransa. Da layin dogo daga Kwatano ya iso Parakou a 1936, garin ya zama mashigar kayan Nijar, sai ga wani sabon kwararo na dillalai da mahauta da 'yan dako, daga baya direbobi.

Duk wannan tarihi kusan babu shi a littafin meri, wato ofishin magajin gari. A farkon mulkin mallaka rajistar ta Turawa ce da 'yan tsirarun da ke da matsayin ɗan ƙasar Faransa. Ko da aka sake tsara rajistar 'yan ƙasa a Afirka ta Yamma ta Faransa a 1950, mutanen da ke kusa da ofishin kumandan da ma'aikatan gwamnati ne suka fi shiga. Saboda haka duk wanda ya zo mini, kafin in buɗe komai nakan gaya masa gaskiya: rijiyar nan ba ta da zurfi. Da wuya ka tsinci talaka a ciki kafin 1950, bayan nan ma sai wanda wani dalili ya kai shi ofis.

Dalilin nan, sau tari, makaranta ce. Yaro zai shiga lakwal ko zai zauna jarrabawa, aka ce sai da takardar haihuwa, ga shi ba a yi masa ba. Sai uba ya ɗauki shaidu su je gaban alƙali, a yanke hukuncin da zai tsaya a madadin takardar. Shi ne abin da kowa ke kira jujma. Mutane na raina ta, suna ganin ba ta kai takardar da aka yi tun a matanite, wato asibitin haihuwa, ba. Ni kuwa a wajen neman asali ina girmama ta ƙwarai, domin tana ɗauke da sunan uba da na uwa, da garin da aka ce an haihu, sau da yawa har da sana'ar uban da sunayen shaidu. Shaidun nan kuwa ba daga sama suke faɗowa ba, kawu ne ko maƙwabci ko abokin fatauci, kuma gidajensu na nan.

Abin da ba a dogara da shi a jujma shi ne shekara. Za ka ga an rubuta "né vers 1952", wato an haife shi wajajen 1952. Ƙiyasi ne. Wani an dubi tsayinsa aka yanka masa shekaru, wani an rage masa biyu ko uku don kada a ce ya wuce shiga aji ɗaya. Na sha ganin wa da ƙane a takarda sun koma tagwaye, na kuma ga inda ƙane ya girmi wansa. In ka sami shekara, ka ba ta sarari gaba da baya, ka bincika littattafan da ke kewaye da ita.

Inda aka fi ɓata shi ne suna. Magatakardan da ya rubuta kakanka da kunnen Faransanci ya ji shi, wataƙila kuma ta bakin tafinta mai jin Dendi ko Bariba. Abubakar sai ya koma Aboubakar ko Boubacar ko Boukari. Muhammadu ya zama Mamadou ko Mahamadou ko Mama. Sa'idu ya zama Séidou, Usman ya zama Ousmane ko Soumanou, Hauwa ta zama Haoua ko Awaou, Zainabu ta zama Zénabou. Ga kuma wata matsalar da ta fi wannan: takardar Faransa na son sunan dangi guda da zai bi zuri'a, mu kuwa sunan yanka da sunan uba muka sani. Sai a ɗauki sunan uba a mai da shi na dangi ga wannan ɗa, ga ɗan'uwansa kuma, da kawu ya kai ofis, a sa sunan kaka ko na kawun kansa. Uwa ɗaya uba ɗaya, a takarda gida biyu. Wani lokaci laƙabi ko sana'a ko sunan garin asali ne ya maye gurbin. Wanda ya zo yana neman harafi da harafi yadda ake rubutawa a Kano ko Katsina zai wuce ta kan kakansa bai gane shi ba.

Shi ya sa ban buɗe wa saurayin nan littafi ba a ranar. Na ce ya je ya gaida delege, wato mai unguwar Zango, ya gaida liman, ya zauna da tsofaffin 'yan goro a kasuwa, ya faɗi sunan kakansa da garinsu da irin zanen fuskarsu. Ransa bai so ba, don a zatonsa maɓalli zan danna. Bayan 'yan kwanaki ya dawo fuska a sake. An yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har Partago, ɗaya daga arondisma, wato yankunan mulki, 12 na Djougou, a kan hanyar Parakou, wajen wata tsohuwa da aka ce ta san gidan. Sunan Abubakar bai tuna mata da kowa ba. Da ya ambaci zane da sana'a sai ta kama laƙabinsa, ta ce ai ɗansa ya shiga lakwal dab da samun 'yancin kai, tare da ƙanenta. Dahomey ta sami 'yanci ranar 1 ga Agusta 1960. Da wannan 'yar igiya muka bi littattafan shekarun da ke kewaye, muka sami jujmar yaron: uba Boukari, sana'a ɗan kasuwa, ga sunan uwa, ga shaidu. Daga jikokin ɗaya daga shaidun nan ya kai ga gidan baffansa. Da tsohuwar nan ta riga shi tafiya, takardar tana nan a kan kanta har gobe ba wanda zai san tasa ce.

Sai a kula da sunan hukuma ma, don ya sha canzawa. Ƙasar Dahomey ce har 1975. Abin da Turawa suka kira sarkal ya koma su-firfektir, zamanin juyin juya halin Shugaba Kérékou aka koma larduna da gundumomi, daga 2003 kuma magadan gari zaɓaɓɓu suka karɓi kwamin, wato ƙananan hukumomi, 77 na ƙasar. Djougou na ƙarƙashin Atakora, mai hedikwata a Natitingou, kafin dokar 1999 ta cire Donga daban. Tsohuwar takarda tana iya ɗauke da hatimin ofishin da yau babu mai wannan suna, don haka kada mutum ya yanke ƙauna daga ƙofa ɗaya. A ƙa'ida abin da aka ba uba a hannu, wato bole na ɗaya, yana da tushe da ya rage a ofis, wanda muke kira sush, ana kuma ajiye wani kwafi a ma'ajiyar kotu. Na taɓa aiki a wani ofis inda muka jawo akwati muka tarar gara ta cinye shekaru da dama, shafi na rugujewa a hannu kamar busasshen ganye. Na yi kwanaki abin na damuna, domin kowane shafi mutum ne da zuri'arsa. In haka ta same ka, nufi kotu. In ana neman abin da ya shafi zamanin Turawa, kamar ƙidayar masu biyan haraji, akwai gidan adana tarihi na ƙasa a Porto-Novo, akwai kuma takardun tsohuwar gwamnatin Afirka ta Yamma ta Faransa a Dakar. In za ka nemi takarda, nemi cikakken kwafi, don taƙaitacce yakan zubar da abin da kake buƙata, har da bayanan da akan ƙara a gefen shafi. Ka zo da shaidar dangantakarka, ba kowa ake miƙa wa takardar wani ba.

Littafin aure da na mutuwa su ne suka fi ba ni tausayi, don namu sunayen kaɗan ne a ciki. Takardar aure ta fi kowace albarka ga mai neman asali, tunda tana kawo iyayen ango da na amarya a shafi guda. Amma mu a masallaci ko ƙofar gida muke ɗaura aure, waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, a yi fatiha a raba goro. Dokar mutane da iyali ta 2004 kuwa auren da aka yi gaban jami'in rajista kaɗai ta sani, kuma na mace ɗaya. Ma'ana, auren iyayenmu da yawa ba ya cikin kowane littafi na hukuma. A nan sai an koma ga gidan liman da waɗanda suka shaida. Wasu malamai sukan rubuta ranar haihuwa ko rasuwa da ajami a bangon littafi, a duba adakar tsoho kafin a raba kayansa.

Mutuwa ma haka. Muna gaggauta sutura kamar yadda addini ya koyar, a yi zaman makoki, kowa ya watse, ba wanda ya tuna da meri. Sai fansho ko kuɗin banki ko rigimar fili ta taso, a zo ana neman takardar mutumin da ya shekara goma a kabari. Shi ya sa tsohon soja da ma'aikacin jirgin ƙasa da malamin makaranta suke da sauƙin samu, ɗan koli da mai sai da goro kuwa shiru. Kakanninmu mata sun fi kowa ɓacewa, sau da yawa wuri ɗaya tak sunansu ya fito, a layin uwa na takardar ɗa.

Yau abubuwa sun sauya. An yi shirin RAVEC daga 2006, alƙalai suka bi garuruwa suna ba da jujma. An yi rajistar jama'a ta RAVIP daga Nuwamba 2017 zuwa Afrilu 2018, aka ɗauki hoto da zanen yatsun fiye da mutum miliyan 10, kimanin miliyan 2.5 daga cikinsu ba su da takardar haihuwa sam, sai da aka yi musu doka ta musamman a 2018. Yanzu hukumar ANIP ke riƙe da rajistar, kowa da lambarsa ta NPI. Ci gaba ne na gaske, jikokinmu za su ji daɗinsa. Sai dai kakan da ya rasu kafin 2017 bai tsaya gaban na'urar ba, kuma abin da ka faɗa wa mai rubutu ranar nan, daidai ko kuskure, shi zai bi 'ya'yanka.

Don haka ina roƙon 'yan'uwana na Zangon Parakou da Djougou da ƙauyukan da ke tsakani. Cikin makon nan a zauna da tsohuwar gida, a kunna waya a naɗi maganarta: sunan yanka, laƙabi, garin da aka taso, wa ya auri wa, wa aka binne a ina. A rubuta kowane suna yadda muke faɗarsa da yadda yake a takarda, a ɗauki hoton tsofaffin takardun da ke ƙasan adaka, a tura wa dangi na Najeriya da Nijar. In an yi rasuwa, bayan sadakar uku wani ya je ya sanar. In an yi haihuwa, doka ta ba da kwana 30, suna kuwa ranar bakwai ake raɗawa, lokaci ya isa. Uba ya je da kansa, ya karanta sunan ɗansa da nasa da na uwar harafi da harafi kafin ya sa hannu.