Tsoron Darasin Ƙididdiga a Manyan Makarantu: Mafarinsa da Yadda Ake Rage Shi

Ƙididdiga darasi ne da ɗalibai ƙalilan ke nema da kansu, amma kusan kowa sai ya bi ta cikinsa. A Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, da makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, mai karatun noma da mai karatun tattalin arziki da mai nazarin zamantakewa da mai karatun kiwon lafiya duk suna haɗuwa da shi kafin su karɓi takardar shaida. Da yawansu sun zaɓi fanninsu ne don gudun lissafi, sai ga shi ya tare musu hanya a aji ɗaya ko aji biyu, ya kuma sake jiransu a babi na huɗu na binciken kammala karatu.

Tsoron da ake magana a kansa ba ƙyuya ba ce, ba kuma daƙiƙanci ba. Alamunsa sanannu ne: faɗuwar gaba da zarar malami ya fara rubuta alamomi a allo, gumin tafin hannu a ɗakin jarrabawa, kai ya ƙulle a kan tambayar da jiya-jiya aka warware ta. Akwai kuma alamun da ba a ganewa da wuri, su ne ma suka fi ɓarna. Ɗalibi ya koma kujerar baya, ya daina tambaya, ya riƙa ɗage karatun wannan darasi yana karanta waɗanda ya riga ya iya, har mako guda ya rage a shiga jarrabawa.

Masana sun daɗe suna auna wannan yanayi. A 1985 wasu masu bincike uku a Amurka, Cruise da Cash da Bolton, suka tsara ma'auni mai tambayoyi 51, suka raba tsoron gida shida: shakkar amfanin darasin, fargabar fassara sakamako, fargabar aji da jarrabawa, raina kai wajen lissafi, jin nauyin neman taimako, da tsoron malamin kansa. Abin lura a nan shi ne ɗaya kacal daga cikin shidan ya shafi iya lissafi kai tsaye. Sauran sun rataya ne a kan fahimta, da kunya, da dangantakar ɗalibi da malami. Anthony Onwuegbuzie, wanda ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan batun, ya ruwaito tare da Vicki Wilson a 2003 cewa a cikin ɗaliban digiri na biyu da na uku da aka nazarta, waɗanda ke fama da wannan damuwa kan kai huɗu cikin biyar. Ya kuma nuna cewa tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ɗabi'ar ɗage aiki. Ashe ɗalibin da ke ganin shi kaɗai ne a aji bai gane ba, yawancin waɗanda ke gefensa ma haka suke ji, shiru kawai suka yi.

Yadda tsoro ke rage maki ma an fahimce shi. Ƙwaƙwalwa tana da ɗan gurbin da take riƙe abubuwa kaɗan a lokaci guda yayin da take aiki a kansu, kuma gurbin ba shi da faɗi. Binciken Mark Ashcraft da Elizabeth Kirk na 2001 a kan tsoron lissafi ya nuna cewa tunanin faɗuwa yana cinye wani kaso na wannan gurbi, sai abin da ya rage ya gaza ɗaukar lissafin. Shi ya sa ɗalibi ke fitowa daga jarrabawa, kafin ya isa ɗakin kwana amsar ta faɗo masa. Ilimin yana nan, wurin sarrafa shi ne ya cika. Daga nan abin ke zama zagaye: tsoro ya hana karatu, rashin karatu ya jawo faɗuwa, faɗuwa ta tabbatar wa ɗalibi abin da yake gudu.

A Jigawa, kamar sauran jihohin Arewa, akwai dalilan da ke ƙara wa abin nauyi. Na farko tushe ne. Kiredit ɗin lissafi a WAEC ko NECO yana buɗe ƙofar jami'a, amma ba ya tabbatar da cewa mai shi ya saki jiki da ɓangarorin lamba, da kaso cikin ɗari, da lambobin ƙasa da sifiri, da sauya wurin harafi a fomula. Waɗannan huɗun su ne kusan duk lissafin da darasin farko ke bukata, kuma a kansu ake yawan tuntuɓe. Sai harshe: ana koyar da darasin da Turanci, tambayoyin jarrabawa kuma dogayen labarai ne da sai an fahimce su kafin a san gwajin da ya dace, don haka wanda Turancinsa ke da rauni yana kokawa biyu a lokaci ɗaya. Sai kunya, wadda a gida ado ce, a aji kuwa takan yi tsada. Ɗaliba a aji mai ɗaruruwan mutane ba ta son ɗaga hannu, magidancin da ya baro ofis ya dawo karatu ba ya son yaran da ya girme su su ga bai gane ba. A kan wannan duka kuma ga labaran 'yan ajin gaba, masu sanar da sabon shiga tun makon farko cewa wannan kwas ba a cin sa a zama ɗaya.

Akwai kuma ra'ayin ɗalibi game da darasin, wanda ya bambanta da tsoro ko da yake suna ciyar da juna. Candace Schau da abokan aikinta sun fitar da ma'aunin wannan ra'ayi a 1995, kuma cikin abin da yake aunawa akwai darajar da ɗalibi ke ba darasin. Mai cewa "me zan yi da ƙididdiga bayan na gama?" ba zai ba ta lokacinsa ba. Amsar tambayar tasa kuwa tana kusa da shi. Da dama daga cikin gwaje-gwajen da ake koyarwa a yau sun bunƙasa ne a gona: Ronald Fisher ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, yana neman sanin ko bambancin amfanin da ke tsakanin filaye daga taki ne ko daga sa'a, ya kuma wallafa littafinsa na hanyoyin ƙididdiga a 1925. Irin wannan tambaya ce ke gaban masu gwada nau'o'in dabino a tashar bincike ta Dutse, da malamin gona mai kwatanta irin riɗi biyu. Florence Nightingale, wadda kowace ɗalibar jinya ta san sunanta, da alƙaluma da zane ta nuna cewa cututtuka sun fi raunukan yaƙi kashe sojojin Ingila a Kirimiya. Rajistar rigakafi a asibitin ƙauye, da ƙidayar jama'a ta 2006, da alƙaluman hauhawar farashi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa, duk aikin da ɗalibin yau zai tarar ne a kan teburinsa.

Magani yana farawa da gano inda ciwon yake, domin mai raunin tushe da mai tsoron malami ba abu ɗaya suke bukata ba. Hanya mai sauƙi ita ce ɗalibi ya ɗauki tambaya guda daga takardun jarrabawar baya, ya fara warware ta, ya lura da daidai layin da ya tsaya. In a wajen raba lamba ya tsaya, to ya ware makonni biyu na farkon zango ya koma littafin lissafin sakandare, babu abin kunya a ciki. In kuwa bai ma san abin da ake tambaya ba, matsalarsa ma'ana ce, kuma ita ce ta fi yawa.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne haddace fomula kafin a san tambayar da take amsawa. Ɗaliban wannan yanki suna da ƙarfin hadda, kuma tana fitar da su a darussa da dama, amma a nan tana yaudara, domin mai jarrabawa yana sauya labarin ne ya bar fomular yadda take. Kowace fomula amsa ce ga tambayar da za a iya faɗa da Hausa. A ƙaddara manoma biyar sun girbe buhunan riɗi 4 da 5 da 5 da 6 da 30. Matsakaicin girbinsu buhu 10 ne, alhali huɗu daga cikinsu ba su ko kusanci 10 ba. Lambar da ke tsakiya in an jera su ita ce 5, kuma ita ta fi faɗin gaskiyar halin da suke ciki. Wanda ya gane wannan ya san dalilin da ya sa ake koyar da ma'aunai biyun, ya kuma san lokacin da ɗaya ke ɓatar da mai karatu. A ƙaddara kuma gonaki biyu, kowacce matsakaicinta buhu 10 a shekaru biyar. Ta farko ta ba da 9, 10, 10, 10, 11. Ta biyu ta ba da 2, 18, 5, 15, 10. Duk magidanci ya san wadda zai dogara da ita wajen ciyar da gida. Doguwar fomular nan mai alamar sigma da ke firgita ɗalibai ba ta yin komai illa auna wannan warwatsuwa da ido ya riga ya gani.

Haka batun samfuri yake. Mai sayen hatsi a kasuwar Shuwarin ba ya zazzage buhu ya duba kowace ƙwaya, ba ya kuma yarda da abin da ke saman buhun. Yakan zura hannu ciki ya ɗebo daga wurare daban-daban. Ya san kaɗan na iya wakiltar mai yawa, ya kuma san wakilcin ya dogara da yadda aka ɗebo. Rabin darasin ƙididdiga sanya wa wannan hikima lamba ne.

Wurin da ɗalibai suka fi ruɗewa shi ne lambar nan 0.05. Ma'anarta a taƙaice: in da a ce babu wani bambanci na gaske tsakanin taki biyu, sau nawa sa'a kaɗai za ta haifar da tazara mai girman wadda aka gani ko fiye? In amsar ta gaza sau 5 cikin 100, sai a ce da wuya sa'a ce kaɗai. Ba ta ce bambancin babba ne ba, ba ta kuma ce an tabbatar da shi har abada ba. Ɗalibin da zai iya faɗin wannan da bakinsa ya wuce da yawa daga masu haddace teburi.

Bayan ma'ana sai maimaici, kuma tsarinsa ya fi yawansa muhimmanci. Rabin awa kullum da biro a hannu ya fi kwana biyu ba barci a makon jarrabawa. Karanta misalin da malami ya warware yana sa mutum ya ji kamar ya iya, amma ba a sanin gaskiya sai an rufe littafin an sake warwarewa. Gwajin Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 ya nuna cewa waɗanda suka jarraba kansu sun fi waɗanda suka sake karantawa riƙe abu bayan mako guda. Duk wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya ya san muraja'a, kuma ita ce ɓangaren hadda da ke da amfani a nan. Rukunin mutum uku ko huɗu yana taimakawa matuƙa, da sharaɗin kowa ya yi bayani da Hausa kafin a rubuta amsa da Turanci, kada ya zama mutum ɗaya na warwarewa saura na kwafa. Kalkuleta ma a saba da ita tun farkon zango. Yawancin na kimiyya suna fitar da matsakaici da ma'aunin warwatsuwa da kansu, amma aron wata ranar jarrabawa yana ƙara ruɗani. Mai jin nauyin tambaya a aji ya rubuta ta, ya sami malami bayan darasi, ko ya tafi tare da abokin karatu. "Malam, na kai nan, daga wannan layi ne na ɓace" ta fi samun amsa a kan "ban gane komai ba".

A ɗakin jarrabawa, numfashi mai tsawo a hankali na minti ɗaya yana lafar da bugun zuciya. A karanta tambayoyin duka, a fara da mafi sauƙi, a rubuta kowane mataki, domin ana ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kauce. Gwaje-gwajen cikin zango, masu ɗaukar kashi 30 ko 40 na maki, su ma kada a raina su: wanda ya tara kaso mai kyau a can yana shiga jarrabawa da sauƙin zuciya.

Babi na huɗu yana bukatar gargaɗi na musamman. Ya zama ruwan dare ɗalibi ya kai takardun tambayoyinsa shagon kwamfuta a buga masa teburan manhajar SPSS, ya biya, ya liƙa. Ranar kare aiki ake gane wannan, da tambaya ɗaya: me ya sa aka zaɓi wannan gwaji? Neman taimako wajen sarrafa manhaja ba laifi ba ne, amma zaɓen gwaji da fassara sakamako aikin mai bincike ne, kuma tun kafin a raba takardun tambayoyi ya kamata a daidaita su da malami mai duba aikin. Wanda ba shi da SPSS yana iya yin yawancin abin da digirin farko ke bukata da Excel, ko da manhajar R wadda kyauta ce.

Malamai ma suna da nasu kaso. Malamin da ya buɗe zango da faɗin yawan waɗanda suka faɗi bara ya riga ya rasa rabin ajin. Fara darasi da bayanan da ɗalibai suka tattaro da kansu, kamar farashin kwanon gero a makonni shida ko tazarar da kowa ke yi zuwa makaranta, yana sa alamomi su sami ma'ana kafin su bayyana a allo. Ƙananan gwaje-gwaje akai-akai masu ɗan maki suna rage nauyin da ke kan jarrabawa guda, takardar tambaya marar suna kuma tana ba mai kunya baki.

Akwai ƙalilan da damuwarsu ta wuce darasi: rashin barci na makonni, ƙuncin ƙirji, rawar jiki, ko ƙin shiga jarrabawa gaba ɗaya. Irin wannan yana bukatar ganin mai ba da shawara na makaranta ko likita, kuma yana da magani. Shan ƙwayoyin hana barci don karatun dare yana tsananta bugun zuciya da fargaba, don haka likita ya kamata ya san duk abin da ɗalibin ke sha kafin ya ba shi shawara.