Kafin ka manna sitika a jikin jitarka

Ka fara sanin irin fentin da ke jikin jitar tukuna, domin a nan maganar take. Yawancin jitoci masu sauƙin kuɗi, har da mafi yawan na Fender na zamani, da fentin foliyuretan ko foliyesta ake shafe su. Wannan fenti mai tauri ne, sitika ba ta cika yi masa illa ba.

Inda nake jin tsoro shi ne fentin naitiro, irin wanda Gibson da Martin ke sa wa jitocinsu masu tsada. Siriri ne, kuma ba ya shiri da roba. Sinadarin da ke sa sitikar roba ta yi laushi yakan ratsa cikinsa sannu a hankali, fentin ya yi taushi, ya riƙa danƙo, wani lokaci har ya bar tabo da sai mai gyara. Ko da bai kai haka ba, haske yana sa fentin ya koma ruwan ɗorawa da shekaru, wurin da sitika ta rufe kuwa ya tsaya yadda yake. Ranar da ka ɓare ta, sai ka ga siffarta zane a jiki, farashin jitar kuma ya faɗi.

In ta riga ta manne, ka ɗan ɗumama ta da na'urar busar da gashi daga nesa, ka ɓare a hankali da farce, ka goge ragowar gam da ɗan nafta a tsumma mai laushi. Don Allah kada ka kusanto da tina ko ruwan goge jan farce, nan take suke narkar da naitiro. In kwalliyar ce ke ranka, akwatin jitar zai ɗauki sitika iya son ranka.