Wanda Ake Miƙa wa Ƙwallo Shi Ke Shan Kaye

Yarana, na ga yadda kuke sunkuyar da kai idan jarrabawa ta ƙi, ko ciniki ya karye. Ku matso in ba ku labarin wata ƙungiyar wasan besbol a Amurka. A wasan, mutum ɗaya ke jefa ƙwallo, wani ya doke ta da kulki ya zaga fili a guje. Idan aka tashi, da sunan mai jifa ake rubuta nasara ko kaye.

Bayan kakar 1957, ƙungiyoyin Dodgers da Giants suka bar birnin New York suka koma Kalifoniya, magoya bayansu suka zama marayu. Sai a 1962 aka kafa musu sabuwar ƙungiya, Mets. 'Yan wasan da aka tara mata yawanci waɗanda sauran ƙungiyoyi suka sallama ne: wasu ƙarfi ya fara barinsu, wasu kuma ba su gama nuna ba. Aka ɗora musu koci, dattijo Casey Stengel, mai shekara 71, wanda ya ci wa ƙungiyar Yankees kofin duniya sau 7 kafin su sallame shi saboda tsufa.

Wasanni 9 na farko duk an lallasa su. Can gaba suka sha kaye 17 a jere. Da kaka ta ƙare, sun ci wasa 40, an cinye su 120. Duk da haka, sama da mutum 900,000 suka sayi tikiti suka shiga tsohon filin Polo Grounds don kallonsu.

Cikin 'yan wasan nan akwai wanda nake so ku riƙe sunansa, mai jifa Roger Craig. A shekarar an rubuta masa kaye 24. A 1963 aka ƙara masa 22, har da 18 a jere. Sau da dama yakan yi jifa mai kyau tun daga farko har ƙarshe, abokan hamayya su samu ci ɗaya tak, amma nasa mutanen su kasa cin ko ɗaya. Ya koma ɗakin canza kaya da gajiyayyen hannu, washegari jarida ta buga sunansa a layin waɗanda aka cinye. Bayan 'yan kwanaki Stengel ya sake miƙa masa ƙwallo, shi kuma ya sake karɓa.

Ku tsaya ku yi tunani a nan. Da Craig rago ne, da tun kaye na biyar an ajiye shi a benci. Yawan kayen nasa shaida ce cewa shi aka fi amincewa da shi. Yaron da ake aika rafi kullum shi ke fasa tulu. Wanda ke kwance a ɗaki tulunsa lafiya lau, amma ba wanda ya sha ruwa ta hannunsa.

A 1964 Craig ya koma St. Louis Cardinals, ya yi nasara a wasa na huɗu na gasar kofin duniya, ƙungiyarsa ta ɗauki kofi. Hannun nan dai ne, abokan aiki ne suka sauya. Su ma Mets a 1969 suka doke Baltimore Orioles suka zama zakaru, ƙarƙashin Gil Hodges, wanda shi ma yana cikin 'yan wasan 1962.

Saboda haka, idan sakamako ya fito ba yadda kuke so ba, ku fara tambayar kanku: na yi nawa ɓangaren da gaskiya? In akwai gyara, ku gyara. In kun yi iyakar ƙoƙarinku, kada ku ɗauki laifin da ba naku ba, kada kuma ku zargi abokan aikinku a bainar jama'a. In an sake kiranku gobe, ku amsa da sauri. Haka nan in kun ga ɗan'uwanku yana ta faɗuwa, ku duba nauyin da aka ɗora masa kafin ku yanke masa hukunci.

Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku zama waɗanda ake nema idan aiki ya yi nauyi.