Kafin Ka Sa Wa Motarka Lagireto Mai Layi Biyu

Da bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, maganar da muka fi ji a gareji ita ce: "Oga, motar nan tana ɗaukar zafi, a sa mata dabul sel kawai." Aikina ne gyaran lagireto, kuma ni ma ina ɗaura irin wannan babban lagireto mai layi biyu. Amma 'yan uwa masu mota, ku sani babban lagireto yana ƙara wa lafiyayyar mota ƙarfin jure zafi ne. Idan cutar tana wani wuri, kuɗinku ne kawai zai tafi.

An ƙera inji ne don ya yi aiki da ɗumi, wajen digiri 90. Abubuwan da ke riƙe shi a nan suna da yawa: famfon da ke zagaya ruwa, tamostat, fanka, tiyo, murfi, sannan lagireto. Ɗaya ya gaza, allura ta tashi.

An taɓa kawo mana wata Sharon mai jigila tsakanin Kano da Maiduguri, da sabon dabul sel a gabanta, amma ruwa na tafasa. Da muka juya murfin, robar cikinsa ta tsage, sifirin ɗin ya saki. Murfin nan da ake rainawa shi ke matse ruwa, shi ya sa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa. Da wannan matsin, ruwa ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Babu shi, a digiri 100 zai tafasa ya yi amai. Murfi muka canza, direba ya kama hanya.

Saboda haka, kafin ka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka, sa bakanikenka ya duba waɗannan.

Na farko, yaushe zafin ke zuwa? Idan a cunkoso ne, kuma da an hau titi allura ta sauka, fanka ake zargi. Idan kuwa a doguwar tafiya ne da kaya, to a duba lagireto da famfo.

Na biyu, tsakanin kwandensar AC da lagireto. Ƙurar hunturu, ciyawa da leda suna taruwa a nan su toshe iska. Wanki kaɗai kan warware matsalar.

Na uku, cikin lagireton. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farar dauɗa da tsatsa a cikin siraran bututun. Bayan an kashe inji ya ɗan huce, a shafa jikinsa da hannu: inda aka ji sanyi alhali gefensa da zafi, nan ya toshe.

Na huɗu, gasket. Idan aka buɗe murfi inji na sanyi, aka tayar, aka ga kumfa tana fitowa ba tsayawa, ko ruwa na raguwa babu yoyo, to mai yiwuwa gasket ya ƙone. Ko lagireton tirela ka sa, ba zai hana ba.

Idan duk waɗannan lafiya lau, kuma motarka ta haya ce mai lodi, ko kana yawan doguwar tafiya da AC a tsakar rana, to babban lagireto zai amfane ka. Amma a saya da ido. Kauri kaɗai ba shi ne inganci ba, domin iskar da ta ratsa layin farko ta riga ta yi zafi kafin ta isa na biyu, kuma fanka mai rauni ba za ta iya jan iska ta cikin mai kauri ba. Wani mai layi ɗaya da faffaɗan bututu ya fi wani mai layi biyu na bogi. A gwada bakin tiyo da ƙafafun zama su dace, a tabbata bai goga fanka ba, kuma a mayar da robar da ke kewaye da fanka, don ita ke tilasta iska ta bi ta cikin lagireto. Idan motar otomatik ce kuma tsohon lagireton yana da bututun sanyaya man giya, dole sabon ma ya zo da shi. In ba haka ba, an tsirar da inji an kashe giya. Lagireto na hannu kuwa, wato wanda aka taɓa amfani da shi, a rufe bakunansa a hura masa iska cikin ruwa a gabanka kafin ka biya.

Sai babban kuskuren da ya zama al'ada: cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai motar Turai ce, ba ta san zafinmu ba. Tamostat ɗin yawancin Toyota yana buɗewa ne a digiri 82, ka ga a zafinmu ma hanya a buɗe take. Idan aka cire shi, musamman da babban lagireto, inji zai daɗe bai yi ɗumi ba, kwamfutar mota ta ci gaba da zuba mai, inji ya riƙa cinyewa a hankali. Idan tamostat ya maƙale, a sa sabo.

Bayan an ɗaura lagireton, a zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji, irin wanda kamfanin motar ya ce, kada a gauraya kala-kala, kuma a fitar da iska daga layin ruwa. A ɓoye ragowar kulan daga yara da dabbobi, domin yana da zaƙi kuma guba ne. Kada kuma kowa ya buɗe murfi inji na zafi. Ƙunar ruwan lagireto ba wasa ba ce.

Idan allura ta kai ja a hanya, ka kauce gefe ka kashe. Kuɗin janwe bai kai na sauke inji ba. Allah Ya tsare hanya.