Yadda Ake Haɗa Kashi Bisa Ɗari a Rahoton Gunduma

A zamanin En'e babban aikin Malamin Hakimi shi ne ƙidayar masu biyan haraji da shanun jangali. An soke waɗannan biyu a 1979 a tsohuwar Jihar Kano, wadda ƙasar Dutse ke cikinta har aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Amma lissafi bai bar ofishin Hakimi ba. Daga Birnin Kudu da Gwaram har Kiyawa da Jahun da Miga, ana bukatar rahoto kan yaran da aka yi wa rigakafi, da waɗanda aka sa makaranta, da gonakin da ruwa ya ci, kamar a ambaliyar 2022. Galibin rahoton nan da kashi bisa ɗari yake zuwa, nan kuwa malamai da yawa suke tuntuɓe.

Ga misali, ba na wani gari takamaimai ba. Dagatai biyu sun aiko wa Hakimi takarda. Na farko ya ce an yi wa kashi 90 bisa ɗari na yaran ƙasarsa rigakafi, na biyu ya ce kashi 50. Malami mai gaggawa sai ya haɗa 90 da 50, ya raba biyu, ya rubuta 70. Wannan kuskure ne, domin ya ɗauka yaran ƙasashen biyu yawansu ɗaya, alhali kuwa ba wanda ya gaya masa haka.

In ƙasar farko tana da yara 100, ta biyu 900, to an yi wa 90 da 450, watau 540 cikin 1,000, kashi 54 ke nan. In aka juya, ta farko ce mai 900, an yi wa 810 da 50, watau kashi 86. Takardun Dagatai ba su sake ba, amma amsa ta tashi daga 54 zuwa 86. Ashe bayanin da ke hannu bai isa ba. Iyakar abin da Malami zai iya rantsewa a kai shi ne amsar tana tsakanin 50 da 90, kuma za ta karkata wajen ƙasar da ta fi yara. Da ya rubuta 70 inda gaskiya 54 ce, ya ɓoye yara 160 da ba a yi musu ba, ba kuwa wanda zai koma nemansu.

To, wane ƙarin bayani ne zai isa? Ba lalle sai an san yawan yaran kowace ƙasa ba. In an tabbata yaran ƙasa ta biyu sun ninka na ta farko sau uku, ya wadatar. A ɗauki 90 sau ɗaya, a ɗauki 50 sau uku, jimla 240, a raba huɗu, kashi 60 ke nan, ko yaran 400 ne ko 4,000. Amma in abin da aka ƙara faɗa shi ne jimlar yara 1,000 ce kawai, ba a ci gaba ba ko taki ɗaya, tunda an ga jimlar nan ta ba da 54, ta kuma ba da 86. Bayani yana iya zama gaskiya, ya kasance bai da amfani ga tambayar da aka yi.

Lissafin yana komawa da baya kuma. In ma'aikatan lafiya sun ce na duka ƙasashen biyu kashi 60 ne, sai a duba: tsakanin 60 da 90 akwai 30, tsakanin 60 da 50 akwai 10. Tazarar farko ta ninka ta biyu sau uku, saboda haka yaran ƙasa ta biyu sun ninka na ta farko sau uku. Da haka Hakimi zai iya gwada maganar ma'aikata da abin da ya sani na ƙasarsa. In ya san ƙasashen kusan kai ɗaya suke, to akwai takardar da ba ta faɗi daidai ba.

Sai dai a lura da abin da aka tambaya. In Majalisar Sarki ta ce kashi nawa, ninkin nan ya isa. In ta ce yara nawa suka rage, domin a san maganin da za a aiko, tilas a sami jimla. A nan ne 1,000 ɗin nan yake amfani: kashi 40 na 1,000, yara 400, daga cikinsu 25 a ƙasa ta farko, 375 a ta biyu.

Haka abin yake ga farashin gero a kasuwar Shuwarin, inda ba a fid da matsakaici sai an san buhu nawa aka sayar a kan kowane farashi. Saboda haka ana roƙon Hakimai su umarci Dagatai, duk wanda zai rubuta kashi bisa ɗari ya rubuta adadi biyu a gefensa: yawan waɗanda aka ƙidaya, da yawan waɗanda abin ya shafa. Takardar da ta zo ba su, Malami ya mayar da ita a cika kafin ya sa ta cikin rahoto.