DARASI: HASKE A AJIN MAKARANTA

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyi da yawa suna tara kuɗi bayan kaka domin su sa wuta a makarantar ƙauyensu. Yara suna bita da dare, manya kuma suna yaƙi da jahilci. Amma sau da yawa batir yakan mutu kafin shekara ta zagayo, aji ya koma duhu, kuɗin jama'a ya tafi a banza. Dalili kuwa shi ne an sayi kaya kafin a yi lissafi. Sai mu fara rage wutar da aji yake ci, sa'an nan mu sayi abin da zai ba da ita.

1. Hasken rana kyauta ne

Idan za a gina sabon aji, tagogi su dubi kudu da arewa. Ta haka haske zai shiga, amma ranar safe da ta yamma ba za su bugi idon yara ba. A shafe bango da silin da farar ƙasa, gama farin bango yana mai da haske cikin ɗaki, baƙi kuwa yana shanye shi. Ajin da aka yi wa haka ba ya bukatar fitila da rana, sai ko in hadari ya haɗu.

2. Zaɓen ƙwan fitila

Tsohon ƙwai mai siririyar waya a ciki yana mai da kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ci ta zama zafi. Mai wat 60 yakan yi aiki wajen awa 1,000. Ƙwan da ake kira LED mai wat 9 yana ba da haske daidai da nasa, mai kyau kuma yakan kai awa 15,000. Doguwar fitila da ƙwai mai lanƙwasa su ma suna da tsimi, amma akwai zaiba a cikinsu, ita kuwa guba ce. In sun fashe, kada yara su taɓa.

Canjin ƙwai ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar 2007 ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo ta ƙasar Ghana, wuta ta yi ƙaranci. Gwamnati ta raba wa mutane ƙwayaye masu lanƙwasa miliyan 6 kyauta domin a rage cin wuta.

3. Mu yi lissafi

A ce aji yana da ƙwai 6, ana kunna su awa 3 kowane dare. A ninka yawan ƙwai da wat da awa.

Tsohon ƙwai: 6 sau 60 sau 3, ya zama 1,080.
Ƙwan LED: 6 sau 9 sau 3, ya zama 162.

A ƙasarmu farantin sola mai wat 100 yakan tara wajen 400 a yini. Ke nan faranti ɗaya ya ishi LED har da saura, tsohon ƙwai kuwa sai an sayi uku. Batir irin na dalma mai bolt 12 da lamba 100 a jikinsa yana riƙe 1,200, amma kada a ci fiye da rabi, in ba haka ba zai mutu da wuri. Rabin nan zai riƙe LED dare uku. Tsohon ƙwai ko dare ɗaya ba zai kai ba.

4. Makunni

Ƙwai mai tsimi ma ɓarna yake yi idan yana ci ba kowa a ɗaki. Kada a haɗa dukan fitilu a makunni ɗaya. Layin gefen taga ya sami nasa, layin tsakiya nasa, fitilar allo nata. Mutum goma ba su bukatar hasken aji duka. Amma kada a yi wa dattawa rowa, gama idon babba ya fi na yaro bukatar haske.

Akwai makunni mai agogo wanda yake kashe wuta a lokacin da aka sa masa. Akwai kuma mai gane motsi, yana kashewa idan aji ya watse. In babu kuɗinsu, a naɗa ɗalibi ɗaya kowane mako ya zama mai kashe wuta. Tsakanin faranti da batir kuwa tilas a sa na'urar da take tsare caji. Lokacin hunturu a riƙa share ƙura daga faranti da ƙwayaye da tsumma mai laushi.

Tambayoyi domin taronku

(a) Ƙwai nawa ne a ajinku, wat nawa kowane yake ci?
(b) Wa yake kashe wuta bayan an tashi?
(c) Nawa ƙungiya za ta ajiye kowace kaka domin sayen sabon batir?